Shekarar da Bajimi Ya Shigo Gidanmu

Da sunan Allah nake buɗe wannan babin kamar 'yan uwansa, Shi nake roƙo Ya tsare ni daga ƙari da ragi. Na daɗe ina kewaye shi, 'ya'yana. Na rubuta muku yarintata a Daura, na rubuta aurena da haihuwarku, amma duk sanda na iso shekarar da babanku ya kwanta sai in rufe biro in ce gobe. Abin da ya hana ni ƙara cewa gobe shi ne Sallar da ta wuce. Ina zaune a tsakar gida na ga babbar yayarku Ummi da autana Nafi'u sun gaisa kamar waɗanda suka haɗu a layin awo. Ina kwana, lafiya lau, kowa ya juya. Kun san dalili, ko kuna zaton kun sani. Ummi tana riƙe da cewa Nafi'u ne ya kashe hannun babanku da wasan gem, shi kuma bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. To ina nan aka yi komai, kuma akwai abin da ban faɗa ba.

Ku da kuka tashi kuka same shi da furfura ba ku san hannun nan ba yadda na san shi. Babanku dillalin shanu ne, kuma hannunsa na dama shi ne jarinsa. A karar Mai'adua, wato kasuwar shanu, zai shafa tozon sa, ya ja fatar wuya, ya danna ɗuwawu, ya faɗa maka abin da dabbar ta ci a ranin da ya wuce. In ciniki ya yi tsauri, shi zai kamo hannun mai saye ya kamo na mai sayarwa ya haɗa su a cikin nasa ya girgiza, shi ke nan an sallama, ba mai komawa baya. Mutane har ƙorafi suke yi wai musabaharsa ciwo gare ta. Wata rana da damina ya dawo daga kasuwa a kan babur, ya zauna a kan tabarma ya ce in ba shi ruwa. Na miƙa masa moɗa, sai ta zame ta faɗi. Ya dubi moɗar, ya dubi hannunsa, ya buɗe baki zai yi magana sai bakin ya karkace. Hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye.

Allah Ya yi mana sauƙi, bayan mun baro asibiti maganarsa ta dawo, ƙafar ma ta soma ja da sanda. Hannun ne ya ƙi. Kuma ku sani, da na hagu ne da abin ya zo da dama-dama. Mutumin da bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba, kullum zaurensa cike, sai ga shi yana cewa in saki labule kafin ya kai loma da hagu. Masallacin ƙofar gida ma ya daina fita. Ba ƙafar ce ta hana shi ba. Ya ce da an sallame salla kowa zai miƙo masa hannu, shi kuma da me zai karɓa?

Ummi ce ta tsaya a kan maganar gashin ƙashi. Daga Mashi take tasowa, ta bar makarantar da take koyarwa da 'ya'yanta, ta kai shi asibiti ta dawo da shi. Da yake sunan mahaifiyarsa ta ci, Uwata yake ce mata, kuma ita kaɗai ce in ta ce sha magani ba ya musu. Likitan gashin, wani matashi mai haƙuri, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya ya ce mana akwai rai a cikinsu. Amma ya ce hannu irin wannan yana da lokacinsa, watannin farkon nan su ne komai, in suka wuce bai yi aiki ba zai ƙage. Ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce a zuba wake a faranti ya riƙa tsinta yana mayarwa wani farantin.

Da Ummi ta koma Mashi, ƙwallon ta koma bayan gado.

"Ni zan zauna ina tsintar wake kamar kaza? Hajiya, ɗauke farantin nan kafin in yi saɓo."

A nan Nafi'u ya shigo. Ya gama sakandare a shekarar, yana jiran jami'a, kuma duk ɗawainiyar babanku a kansa take: wanka, aski, kai shi kewaye. Shi ya aro wata 'yar na'ura a wurin abokinsa mai gidan gem, ya jona ta da talabijin, da abin riƙewa guda biyu masu madannai. Wasan dambe ne. Kowa zai zaɓi mutuminsa a cikin talabijin, babban yatsan hagu shi ke tafiyar da mutumin, yatsun dama su ke kai naushi da kare duka. A saman talabijin akwai wani layi, wai shi ne ƙarfin mutum, in ya ƙare ka faɗi. Ni da farko ban so ba. Na ce dattijo mai jikoki ya zauna yana dambe da hoto? Amma Nafi'u ya kai wa likitan na'urar ya gani, likitan ya ce madalla, muddin hannun dama ne ke dannawa. Ummi ma ta yarda. Ni kuma na kafa sharaɗi: a rage kiɗan, kuma da an kira salla a kashe.

Nafi'u ya zaɓar masa wani siririn yaro mai ɗan tsalle-tsalle, wanda ba ya cin komai sai an haɗa madannai biyu ko uku da sauri. Babanku ya ƙare masa kallo irin wanda yake yi wa dabba a kara.

"Wannan ai maraƙi ne. Ko yaye shi ba a yi ba."

Sunan ya bi shi. Maraƙi ya sha duka a gidan nan, Allah Ya sani. Da hantsi Nafi'u zai ɗora masa hannun a kan madannan, ya gyara masa yatsun, su fara. Gumi ya riƙa tsattsafo wa babanku a goshi, yana cije leɓe, yana yi wa babban yatsansa faɗa kamar yaron gida mai ƙiwuya. Kafin yatsan ya sauka an riga an kai Maraƙi ƙasa. Kullum a faɗi, kullum a tashi. Amma ni da nake gefe ina tsince shinkafa, ina ganin abin da shi ba ya gani. Yatsan da a da sai an ɗaga shi, ya soma ɗagawa da kansa. Manuniya ta soma binsa. Wata safiya na dama fura na ajiye na koma ɗauko sukari, da na dawo na tarar da ludayin a hannunsa na dama. Yana rawa, rabin furar ta zube a rigarsa, amma a hannun dama yake. Na koma madafa na yi sujada a kan siminti, ban bari ya gani ba.

Sai Malam Buba ya zo dubiya daga garin Babban Mutum. Taubashin babanku ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Tun daga zaure muka ji muryarsa.

"Ina bawan nan nawa? An ce min jinya kake, ashe wasan yara ka samu ka ɓuya a ɗaka!"

"Shigo, Buba. Zauna nan in kwantar da kai kamar ragon layya."

"Da wane hannun?"

"Da wanda ya saba marin ƙeyarka. Nafi'u, ba shi ɗayan."

Malam Buba bai taɓa riƙe abin ba a rayuwarsa, har juye shi ya yi sai da Nafi'u ya gyara masa. Danne-danne kawai ya shiga yi da duka yatsunsa kamar mai kiɗan ƙwarya, kuma haka nan ya kayar da Maraƙi. Aka sake, ya sake kayar da shi. Yana ta ƙyaƙyata dariya yana buga cinya.

"Matarmu, zo ki gani! Dillalin da ke tsayar da sa da hannu ɗaya, yau ga shi a ƙasa. Gobe sai kowa ya ji a kara."

Wasa yake yi, irin wanda suka yi shekara da shekaru. Bai lura da cewa babanku ya daina ramawa ba sai da ɗakin ya yi tsit. Bayan tafiyarsa babanku ya juya fuskarsa bango. Abincin rana ya koma yadda na kai shi, na washegari ma haka.

"Alhaji, ko ɗan kunu?"

"Ki bar ni, Hajiya. Buba fa. Buba da ko akuya bai iya ɗaurewa ba."

Nafi'u ya kasa jurewa. Ashe a cikin wasan akwai wani ƙato da aka ɓoye, sai wanda ya gama duk matakan yake samunsa. Ya koma wurin abokinsa aka buɗe masa shi. Ya dawo ya jona, ya durƙusa a bakin gado.

"Baba, tashi ka ga wata dabba da na samo maka. In ka ce ba ta yi ba, in mayar."

Babanku ya juyo da ƙyar. Ƙaton ya cika rabin talabijin, wuya kamar turmi, yana huci. Ya daɗe yana kallonsa.

"Yauwa. Wannan bajimi ne."

Bajimi ba ya bukatar dabara. Duk dukan da za a yi masa, layinsa ko motsi ba ya yi. Madanni ɗaya za ka danna ya doki ƙasa da ƙafa, abokin karawar ya yi sama ya faɗo. Ba sai ka tafiyar da shi ba, tsayuwa kawai zai yi a zo a same shi. Wannan ya sa babanku ya gano zai iya ajiye abin a kan cinya ya riƙa dannawa da hagu. A ranar ya yi dariyar da ban ji ba tun kafin moɗar nan ta faɗi. Ya ce a kawo tuwo. Ya aika a kira masa Malam Buba, da ya zo ya yi ta watsar da shi har sai da ya ɗaga hannu sama.

"Wannan ba dambe ba ne, zalunci ne! Ka ba ni ƙaton, kai ka ɗauki ɗan siririn."

"Je ka nemo naka a Babban Mutum. Tashi, bawa, kawo wa ubangidanka ruwa."

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma Bajimi ya shiga raina. Wanda bai taɓa ganin ƙaƙƙarfan namiji ya koma sai an ɗaga shi an kwantar ba, ba zai gane daɗin abin nan ba. Duk yini ana yi masa komai, ana ce masa sannu, kowa na sassauta murya in ya shigo. Sai a cikin talabijin ɗin nan kaɗai ake gudunsa. In Bajimi ya doki ƙasa, kafaɗar babanku har ɗagawa take yi. Nakan tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu ina kallonsa shi, ba talabijin ba, in ce a raina ga mijina ya dawo.

Sai dai a hankali ɗakin ya soma raguwa. Jikoki da 'ya'yan maƙwabta da a da suke rububin karawa da Maraƙi suka daina zuwa, suka ce ba daɗi, tun kafin a fara an san ƙarshe. Malam Buba in ya zo sai ya ce hira ta kawo shi. Nafi'u kaɗai ke zama a kayar da shi, yana yin kamar ya yi ƙoƙari. Hannun dama kuwa yana kwance a kan filo kamar baƙo. Ludayin ya koma hagu.

A haka Ummi ta zo ta same mu. Ta gaishe shi, ta ɗaga hannun ta lanƙwasa yatsun, na ga fuskarta ta canza. Ba ta ce komai ba a gabansa. Sai da ta ja Nafi'u zuwa madafa inda nake.

"Me na ce maka? Me likita ya ce maka? Hannun dama! Kai ka je ka kawo masa abin da ko jariri zai danna ya ci."

"Yaya, ba kya nan ranar da ya juya wa bango fuska."

"Gara ya juya wa bango fuska yana da hannu! Ka cire ƙaton nan yau ɗin nan."

"Yana cin abinci yanzu. Yana dariya."

"Dariyar ce za ta yi masa alwala? Umma, ki yi magana mana!"

Na ce ta yi gaskiya, a cire. Nafi'u ya sunkuyar da kai ya ce to. Ta koma Mashi da alkawarinsa. Iyakar abin da Ummi ta sani ke nan: ya ce to, kuma da ta dawo ta tarar Bajimi na nan. Yanzu ga abin da ba ta sani ba.

Washegari da la'asar ina zuba wa babanku ruwan alwala a bakin rariya. Na wanke masa hannun dama, na tsaya ina murza yatsun, ina neman ta inda zan fara. Shi ya riga ni.

"Yaron ya zo zai cire Bajimi da safe. Na hana shi."

"Alhaji, ai don hannun ne. Ƙaton nan fa ba kai ke..."

"Ba ni ke cin wasan ba? Hajiya, ni za ki faɗa wa? Rayuwata duka a kan duba dabba ta ƙare. Tun ranar farko na san ko kyanwa ta taka madannin nan Bajimi zai ci."

"To me ya sa?"

Ya zuba wa ruwan da ke bin rariya ido.

"Maraƙi duk faɗuwar da zai yi tuna min yake da abin da na zama. Safe da yamma. Na gaji, Hajiya. Shi wancan, in na zauna da shi, nakan manta na ɗan lokaci. Ku bar min shi kwana biyu in huta, zan koma."

"Likita ya ce lokacin ba ya jira."

"Na ji likita. Na sa yaron ya yi min alkawari ba zai cire ba, kuma ba zai gaya wa Uwata ni na hana ba. Ke ma ina roƙonki. Kowa zan iya kallo in ce na kasa, ban da ita. Tana baro 'ya'yanta ta biyo hanyar nan saboda ni."

Na ce masa laifin zai hau kan Nafi'u. Ya ce ɗan lokaci ne, da ya koma wa Maraƙi komai zai wuce. Na dubi mutumin da bai taɓa roƙona komai ba tun da aka kawo ni gidansa, na ce to.

Kwana biyun nan suka cinye sauran damina, aka yi girbi, aka shiga rani. Ummi ta zo ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce wa Nafi'u maganganun da ba zan rubuta ba. Yana tsaye kansa a ƙasa, abin da yake cewa kawai shi ne, ki yi haƙuri Yaya. Ta ɗauke na'urar ta kulle a ɗakina, babanku ya sa aka fito da ita bayan tafiyarta, Nafi'u ya sake ɗaukar laifin.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Bajimin ma daga baya ya gundure shi. Sai ya danna sau ɗaya, mutum ya faɗi, ya zauna yana kallon talabijin ba dariya. Wata rana da hantsi na ji yana cewa:

"Kai Nafi'u, wannan abin ba ciniki a cikinsa. Ba mai ce maka albarka. Dawo min da Maraƙina."

Nafi'u ya tashi da sauri ya dawo da shi. Ya ɗauko hannun daga kan filo zai ɗora a kan madannan kamar da. Yatsun sun dunƙule cikin tafin. Ya buɗe su a hankali, yana saki suka koma. Ya sake buɗewa, ya ɗora babban yatsan a kan madanni ya riƙe masa.

"Danna, Baba."

Babanku ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto. A cikin talabijin Maraƙi yana tsaye ana dukansa, layinsa na raguwa har ya ƙare. Yatsan bai motsa ba. Can babanku ya ce a kashe, an kusa kiran azahar. Da aka koma wa likita ya duba, ya ce a ci gaba da gashi don kada ya riƙa ciwo, bai ƙara ambaton wake ko ƙwallo ba.

Babanku ya rayu bayan nan shekaru masu albarka. Ya koma masallaci daga baya, yakan tallabo hannun da na hagu ya miƙa, mutane su kama da hannu biyu. Malam Buba bai ƙara yi masa wasa da hannun ba har suka rabu. Kara kuwa bai sake takawa ba. Sau da yawa nakan ga ya shirya zai yi wa Ummi maganar, in ta zo ta durƙusa ta ce Baba ina wuni, sai ya ce Uwata ya hanya, maganar ta tsaya a nan. Har Allah Ya karɓi abinsa bai iya ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Har yau in na buɗe kabad na ga na'urar a naɗe cikin tsohon zanena, wadda abokin Nafi'u ya ce mu riƙe, nakan tuna ludayin nan yana rawa a hannun dama, furar na zuba a riga. Saura kaɗan ne. Ban san ko da hannun zai dawo duka ba, sanin wannan na Allah ne. Na dai san yaron da ya kawo Bajimi ya kawo shi ne don ubansa ya ci tuwo, kuma da aka ce ya cire ya tafi zai cire.

Nafi'u, alkawarin da ka ɗaukar wa babanka ka cika shi har ya wuce inda ya nema. Na sauke maka shi yau, ni na faɗa ba kai ba. Allah Ya yi maka albarka.

Ummi, kin yi gaskiya a kan hannun, tun ranar farko. Babanki ma ya sani, shi ya sa ya kasa haɗa ido da ke. Abin da ba ki yi daidai a kansa ba guda ɗaya ne, kuma ba laifinki ba ne tunda ɓoye miki aka yi. Ƙaninki yana nan gidan, ɗakin zaure, inda kika san shi. In kin zo ƙarshen wata kada ki tsaya daga bakin ƙofa ki ce ina kwana. Ki shiga. Naki hannun lafiyarsa ƙalau, ki miƙa masa.